Yadda Na Kai Isiya Malanbil Neman Maganin Ƙafa

Akwai abin da na yi da hannuna wanda da ana mayar da kwanaki baya, da shi zan fara warwarewa. Na ɗaure jikana Isiya da igiya a gindin rumfata, tun daga yaye har ya isa shiga makaranta. Ban yi don ƙi ba, amma na yi, kuma wasu sun gani a wurina sun kwaikwaya.

Tun da na dawo daga ƙasar Benin mutane ba su bar ni na huta ba. A masallaci, a wurin banda, a kasuwar Wara, tambayar ba ta canzawa: yaya ƙasar take, me suke ci, kuma wane mai magani ne ya gyara ƙafar yaron, tun da an ji labari yana gudu. Ni kuwa sai in ce Allah ne mai magani, in kawo wani zance. Kwanan baya maƙwabcina Audu ya same ni ya ce zai sayar da tarunsa ya kai 'yarsa wurin mai maganin, in ba shi kwatance. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da firamare, a yi mini haƙuri da yadda ya fito.

Mu masunta ne, tungarmu tana bakin tafkin Kainji kusa da Wara. A da yaranmu suna da wani wasa. In jirgi ya tsufa aka daina fita da shi, sai a bar musu shi a ruwa mara zurfi, su cika shi a tsaye suna girgizawa, wanda ya rage bai faɗa ruwa ba shi ya ci. Da shi ni ma na koyi tsayuwa a jirgi, shi ya sa har na tsufa ina jefa tarun birgi ƙafata ba ta rawa. A wannan wasan na rasa ɗana na fari, Isiyaku. Lokacin cikar ruwa ne, iska ta ja jirgin zuwa zurfi, manyan yaran suka yi tsalle suka fito, shi bai fito ba. Bayan an rufe shi na ɗauki gatari na faskare duk wani tsohon jirgi da ke bakin ruwa, na ce ba yaron da zai sake wasa a wurin. Ba wanda ya musa mini, saboda halin da nake ciki, daga baya kuma saboda shekaruna.

Da ɗana Garba ya samu ɗan fari sai ya mayar masa da sunan wansa, aka kawo mana shi yaye, ya zauna ke nan. Garba yana can wajen tafkin Chadi da matarsa, sai Sallah yake zuwa. Ranar da na ga yaron ya nufi hanyar ruwa da 'yar tafiyarsa, na yanko igiyar taru, na naɗe ta da tsumma don kada ta ci masa fata, na ɗaura masa a ƙugu, ɗaya bakin a turken rumfa. Matata Kulu ba ta so ba. In na fita ruwa takan kwance shi. Da Allah ya yi mata rasuwa sai na daina fita, na koma gyaran taru a rumfa, yaron yana gefena daga safe har yamma. Yana ci, yana da tsabta, ba ya kuka. Har yaba ni ake yi.

Sai da na kwance shi don makaranta abin ya fito. Ba ya iya gudu. In ya zo tsallake 'yar kwata sai ya tsaya ya zauna ya ja jiki. Ɗan tudun ƙofar aji ma da hannu yake hawa. Yara suka sa shi gaba, ya ƙi komawa. Mutane suka ce iska ce, wasu suka ce shan inna ne ya taɓa shi kaɗan, ni kuma na karɓi zancensu hannu biyu. Ƙanena Hamidu, wanda ya daɗe da komawa wata tunga kusa da Malanbil a ƙasar Benin ya yi aure can, shi ya aiko cewa suna da wani tsoho da ya shahara kan ciwon ƙafa. Bayan girbin shinkafa na ɗauki yaron muka kama hanya.

Motar kasuwa ta kai mu Yelwa. A tashar Yelwa na sayi kifin banda mai kyau, ragon ruwa, don tsarabar Hamidu, muka shiga motar Koko. Kafin ranar, Isiya bai taɓa shiga mota ba. Na ɗora shi a cinya, ya ƙanƙame rigata, idonsa a kan itatuwa suna wucewa. Wata mai sayar da albasa da ke kusa da mu ta tambaye ni abin da ke damun yaron, na ce iska ce ta taɓa masa ƙafa. Ai kuwa kamar na buɗe asibiti a motar. Ita ta ce a dafa ganyen kaza a gasa masa, wani ɗan kasuwa ya ce kitsen damo, yaron mota ya ce shi ya san wani malami a Shanga. Direba ma ya juyo zai kawo nasa, har sai da muka yi masa ihu ya dubi hanya. Kowa na ce masa in sha Allahu za a gwada.

Daga Koko muka karkata yamma, muka haye gadar Tuga. Bayan gadar taya ta fashe, muka sauka gindin wata tsamiya. Fasinjoji suka watse, wasu sallah, wasu neman fura. Yaran ƙauyen suka zo kallon mota, suna gara tsohuwar taya da sanda. Ɗaya ta gangaro ta faɗi a gaban Isiya. Ya dube ta, ya dube ni. Mai tayar ya zo ya ɗauki abinsa.

Mun isa Lolo rana ta yi sanyi. Tun kafin mu taso Hamidu ya haɗa ni da wani dillalin kifi, a zaurensa muka sauka tare da fatake daga Jega da Kamba. Mutumin kirki ne, amma surutu gare shi, kafin a kawo abinci na san farashin kifi na kasuwanni uku da labarin ciwon bayansa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, an zuba mata kifi har ba a ganin miyar. A ƙofar gidan yara suna langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, suna ture juna. Wata 'yar maigidan ta leƙo ta ce wa Isiya ya zo, ɓangarensu ba su cika ba. Na ce mata ba ya jin daɗi. Na tuna yadda na ji sanyi a raina da ya koma ya zauna.

Da safe muka sauka bakin kogi, don ta ruwa za mu shiga Benin. Jirgin mai inji ne, an cika shi da kaya, katako ɗaya aka gitta daga gaɓa zuwa bakinsa. Mata da goyo suna bi ta kai, yara ƙanana suna bi da gudu. Isiya ya sa ƙafa ɗaya ya daskare. Layi ya tsaya a bayanmu. Na ɗaga shi na miƙa wa mai jirgin, ya karɓe shi ya ajiye kan kaya. Ya dubi hannuwana, ya ga kanta irin ta masu jan taru.

"Baba, kai dai masunci ne."

Na ce masa haka ne, daga Kainji.

"To wanga jikanka ne, ko buhun albasar Yauri ka ba ni ajiya?"

Jirgin ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, don kada a gane. Yaron bai san da shi ake ba.

A ɗaya gefen ma'aikatan iyaka suna zaune a wata rumfa gindin bishiya. Ɗayansu ya yi mini Faransanci mai tsawo, ina ta gyaɗa kai, sai ya gaji ya koma Hausa, wadda ta fi tawa daɗi. Ya duba katina, ya tambayi na wane ne yaron. Ya ce ba don ni ba, akwai masu ƙetarawa da 'ya'yan mutane, dole su tambaya. Ya ja Isiya gefe ya tsuguna, ya ce masa wane ne wancan tsohon. Yaron da bai saba magana da kowa ba sai ni, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Can dai ya ce, "Baba Tsoho ne." Ma'aikacin ya shafa kansa. Da ya buɗe jakata ya ga kifin banda, sai ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin da ya kawo kifi Malanbil. Sai da na shiga kasuwarsu na gane abin dariyar, kifi ne tuli har inda ido ya tsaya.

Hamidu ya tarbe mu da babur. Ya yi furfura, ya yi tumbi, Hausarsa ta ɗan karkace. Matarsa Bibata Badanda ce, 'yar ƙabilar yankin, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta durƙusa ta gaishe ni da Yaya, ta kawar da kai kamar yadda ya kamata tsakanin mace da wan mijinta. Tungarsu ba ta fi tamu girma ba, kuma da yawa abin nasu irin namu ne, salla ɗaya, banda ɗaya, sauro ma ɗaya. Gaisuwarsu fofo, ita ce sannu ita ce na gode, da ita na yi ta lallaɓawa har na dawo. Abin da ya bambanta, matansu su ke tuƙa jirgi su kai kifi kasuwa, wasu har babur suke hawa. Da safe ba koko da ƙosai ba ne, wani dogon burodi ne kamar taɓarya, bayansa da tauri. Ranar farko na ɗauka ya kwana biyu ne, na ce wa Hamidu a asirce an cuce shi. Ya yi dariya har da tari. Da shi ake shan kofi mai madara, mai zaƙi kamar zuma. Sakwara kuwa da miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani, wannan kam ban ga laifinta ba, na ci har Bibata ta fara ƙara mini malmala ba tare da ta tambaya ba.

Mai maganin ba ya nan. Aka ce ya tafi ta'aziyya wani gari, ba a san ranar dawowarsa ba. Hamidu ya ce kafin nan mu gwada asibiti a cikin gari. Muka je da tsakar rana muka tarar a rufe, ashe su can in rana ta take ma'aikata gida suke tafiya su ci abinci su kwanta, sai wajen la'asar a buɗe. Muka zauna gindin mangwaro muna jira. Wata malamar asibiti ce ta duba shi, Hamidu yana fassara. Ta lanƙwasa ƙafafun, ta miƙe su, ta ƙwanƙwasa gwiwa. Ta ce ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya kasa. Ta ce ya yi tsalle, ya ɗaga kafaɗu kawai, ƙafa ba ta bar ƙasa ba. Ta jefa masa ƙwallo, ta bugi ƙirjinsa kafin hannunsa ya taso. Ta ce ƙashi lafiya, ba ta ga alamar shan inna ba. Sai ta tambaya ko ya taɓa doguwar jinya a kwance, ko kuwa ba ya fita wasa da yara. Na ce mata haka aka haife shi. Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce mu bar shi ya yi ta wasa, mu dawo ta sake gani. A hanya na ce wa Hamidu waɗannan ba su san aikinsu ba, ko ƙwaya ba ta ba mu ba.

Muka zauna jiran mai magani. Akwai wata darbejiya a tsakar gidan Hamidu, gindinta nake shimfiɗa tabarma, Isiya a gefena kamar a gida. 'Ya'yan Hamidu da na maƙwabta ba sa zama, in ba makaranta suna waje. Sukan kira shi, Ɗan Najeriya zo. Wani lokaci in hankalina yana wani wuri yakan tashi ya bi su. Ni ban lura da yadda yake yi ba. Bibata ce ta lura, daga inda take juya kifi a kan banda.

Wata rana ta kawo mana abincin rana, ta ajiye, ba ta tashi ba. Ta fuskanci mijinta, ba ni ba.

"Maigida, tambayar mini Yaya, wa ya ɗaure yaron nan?"

Hamidu ya daka mata tsawa, ya ce wace irin magana ce wannan a gaban babba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita dai ta taɓa sayen akuya da ta daɗe a turke, da ta kwance ta sai da ta yi kwanaki tana kewaya wuri ɗaya, ga ciyawa a gabanta ba ta ƙarasawa. Ta ce yaron nan in ya tashi daga gindin bishiya, iyakarsa inda inuwa ta ƙare, sai ya tsaya ya kai hannu ƙugu, ya juyo. Ko ta ina ya bi, tsawon ɗaya ne.

Isiya ne ya amsa, bakinsa cike da tuwo.

"Baba Tsoho ne. Don kada ruwa ya cinye ni."

Ba ƙara ya kai ba. Ya faɗi hakan ne yadda yaro zai ce kakansa ya saya masa takalmi. Hamidu ya tsame hannunsa daga kwano. Shi ne ya taya ni neman gawar Isiyaku a wancan lokacin, ya san komai. Ya ce, "Yaya," bai ƙara ba. Na so a ce zagina ya yi.

Da la'asar Bibata ta aiko ɗanta ya ce in zo bakin ruwa. Tun zuwana ban taka wurin da yaransu ke wasa ba, da gangan. Na tarar da abin da na faskare a garinmu yana nan da ransa: tsohon jirgi cike da yara a tsaye, suna girgiza shi suna ihu, suna zubowa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga an kafa turaku masu kauri gaba da baya, an ɗaure jirgin tam, ruwan kuma iyakarsa gwiwar yaro. A kan gaɓa wata tsohuwa tana zaune tana fiɗar kifi, fuskarta na wajen yaran. Bibata ta ce gida-gida suke karɓa, kullum akwai babba a wurin, in ruwa ya ƙaru a matso da turakun.

Ta ce, "Mu ma ruwa ya ci mana ɗiya, Yaya. Ƙanwata ce. Sai iyayenmu suka ɗaure jirgin."

Na tsaya a wurin har aka kira magariba. Shekara da shekaru ina ɗaure jirgina kowace yamma don kada ruwa ya tafi da shi, wannan dabarar ba ta taɓa zo mini ba.

Washegari Bibata ta kama hannun Isiya da kanta ta wuce da shi bakin inuwar, ya turje, ta ja shi a hankali har waje. Ba ta haɗa shi da sa'o'insa ba, cikin ƙanana ta sa shi, waɗanda ya girme su nesa ba kusa ba. Ni aka ce in zauna nesa. Abin da na gani a makonnin nan ba zan iya tsara shi daki-daki ba, don ba wanda ya zauna ya koya masa komai. Yara ne kawai ba sa jira. In sun ruga sai ya bi su ko a bar shi shi kaɗai. Akwai wani jirgi da aka kife a kan yashi, su suna hawa da gudu su diro ta ɗaya gefen, shi da ciki yake hawa, ya sulalo. Suka sa masa suna Kunkuru. Na ji zafin sunan, shi kuwa amsawa yake yi. Da za a yi langa, ba ya iya tsayawa da ƙafa ɗaya, sai biyu suka riƙe shi hagu da dama suna tsalle tare da shi, su ukun su zube. Gwiwoyinsa suka sassale. Yaron da nake lallashi ya ci abinci ya koma neman ƙari, kafin isha ya yi barci. Wata safiya na gan shi ya tsallake kwatar bayan gida bai ma san ya yi ba, yana bin wata taya.

Ranar da ya fara shiga jirgin da aka ɗaure, ni na ɓata abin. Ina zaune kusa da tsohuwar nan mai gadi. Yaran suka ja shi ciki, ya tsaya ya buɗe ƙafafu, ya kama rigar na gabansa. Girgiza biyu ya faɗa ruwa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na afka ruwan da babbar riga, na cafko shi, santsin laka ya kwashe ni, muka koma ciki tare. Da na miƙe ruwan ko cinyata bai kai ba. Hulata tana yawo, yara suna riƙe ciki. Isiya ya fashe da kuka, na ɗauka tsoro ne, ina cewa yi shiru ga ni nan. Sai ya sa hannu ya ture ni.

"Na kusa tashi da kaina! Kowa da kansa yake tashi!"

Tsohuwar ta faɗi wani abu da Dandanci, matan da ke wanki suka kwashe da dariya. Na matsa wa ɗan Hamidu ya fassara mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, wai in akwai sauran igiyar a ɗaure tsohon.

Daga ranar na koma zama a kan hannuwana, ba wasa nake ba, a ƙarƙashin cinya nake sa su. Ya faɗa ruwan nan ban san iyaka ba. Kowace faɗuwa kuwa yana tashi.

Muka koma wurin malamar asibitin. Kafin ta taɓa shi na ce wa Hamidu ya gaya mata ƙarya na yi mata, ga yadda aka yi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗan tsaya kafin ya kama tebur. Ya yi tsalle, ƙafa ta bar ƙasa. Ta ce ƙafar yaro da bayansa da idonsa a wurin gudu da hawa da faɗuwa suke koyon aiki tare, kuma cikin 'yan'uwansa yara ya fi koyo, don su ke sa shi yin abin da babba ba zai sa shi ba. Ta ce an makara amma ba a rufe ƙofa ba. Ko zai kamo sa'o'insa duka, ba ta yi mini alkawari ba. A satin nan aka aiko cewa mai magani ya dawo. Ban je ba. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, ko ƙofar gidansa ban sani ba.

Saura Garba. Hamidu ya kira mini shi a waya, ya ba ni, ya fita daga ɗakin. Na gaya masa tun daga farko. Sannan ya ce, duk Sallar da yake zuwa bai taɓa ganin igiya ba. Na ce masa kwancewa nake yi in ɓoye kafin ya iso. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi a bakina, don ita ta nuna na san abin da nake yi ba daidai ba ne. Garba bai taɓa ɗaga mini murya ba tun yana yaro, ranar ma bai ɗaga ba.

Ya ce, "Baba, ka bar shi wurin Baba Hamidu. Kada ka koma da shi."

Na ce to.

Na yi niyyar in tafi da sassafe kafin ya tashi, Bibata ta ce ba a yi wa yaro haka. Shi ya ɗaukar mini buta har bakin jirgi. Na ce masa zan je gida in dawo, ya zauna ya ji maganar Inna Bibata. Ya tambaye ni wa zai riƙa miƙo mini zare in ina gyaran taru. Na ce zan miƙa wa kaina. Da jirgin ya tashi yaran suka biyo mu ta gaɓa da gudu suna ɗaga hannu, kamar yadda suke yi wa kowane jirgi. Yana cikinsu, shi ne na baya, gudun nasa wani iri, kafaɗa ɗaya na gaba. Ya yi tuntuɓe ya kifa. Wata mata a jirgin ta ce wayyo yaron nan. Kafin ta rufe baki ya tashi ya ci gaba, har gaɓar ta ƙare musu a bakin wani rafi.

Hanyar dawowa ba abin da zan faɗa a kanta. Na iso gida na tarar da rumfa yadda na bar ta. Yanzu ni kaɗai nake kwana a gidan. Garba yana aiko da gaisuwa ta bakin mutane, bai kira ni ba tukuna, ban kuma ga laifinsa ba.

To Audu, ga kwatancen da ka nema, ba ni da wani. Kada ka sayar da tarunka. Ni ka gani ka ɗaure 'yarka Hadiza, haka gidan Mamman, haka gidan marigayi Sani, kuna cewa dattijo ya san abin da yake yi. Ban sani ba, tsoro ne kawai. Na roƙi mai tunga a ba ni tsohon jirgin da ke bayan masallaci, na sare turaku, kuma ranar farko ni zan zauna gadi, kowace rana ma in ba a samu wani ba. Wasu sun ce tsufa ya fara taɓa ni, wanda ya hana jiya shi ke kira yau. Su faɗa, sun yi gaskiya.

Roƙona ga duk wanda wannan ta isa gare shi, masunci ne ko ba masunci ba: in kana da yaron da ke zaune kusa da kai shiru, kana jin daɗi ana cewa ba shi da ƙiriniya, tashi ka kai shi inda yara suke. In tsoro ya hana ka sakewa, je ka zauna a wurin ka sa ido. Zai faɗi a gabanka. Kada ka yi abin da na yi, bar shi ya tashi.